Tambaya: likita ya ce ba zai dasa mini haƙori ba sai na bar taba sigari

Baban Hauwa, Unguwar Rogo, Jos

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar waɗanda suka san harkar haƙori, ko waɗanda irin wannan ta taɓa faruwa da su. Shekaruna 46, kuma sana'ata tuƙin motar haya tsakanin Jos da Bauchi. Bara da damina na faɗi a kan babur wajen Farin Gada, na rasa haƙorana biyu na gaba a sama. An yi mini haƙoran roba irin waɗanda ake cirewa a mayar, amma ban taɓa jin daɗinsu ba. Suna motsi idan ina magana, ba na iya gatsar nama ko rake da su, kuma sau biyu suna zame mini ina tsakiyar karatu a sallah.

Da na ji labarin dashen haƙori, wato wanda ake kafawa a cikin ƙashi ya zauna dindindin, sai na shiga tara kuɗi, na yi wata tara ina adashi saboda shi. Makon jiya na je wani asibitin haƙori mai zaman kansa a nan Jos. Likitan ya duba ni, ya sa aka ɗauki hoton ƙashin muƙamuƙina, ya ce ƙashin zai iya ɗaukar aikin. Sai ya tambaye ni ko ina shan taba. Ban ɓoye masa ba, domin launin leɓena da na sauran haƙorana ya riga ya ba da amsa. Ina shan kara 12 zuwa 15 a rana, kusan shekara 20 ke nan, kuma na fi sha da asuba a tasha kafin mota ta cika, musamman a sanyin hunturu. Nan take ya ce ba zai taɓa bakina ba sai na daina, kuma in na daina sai na ci gaba da hakuri da ita har dashen ya kama.

Abin ya dame ni ƙwarai. Shin da gaske taba tana hana dashe kamawa, ko dai likitan yana neman abin da zai fake da shi ne idan aikinsa bai yi kyau ba? Idan na rage zuwa kara uku ko huɗu, hakan bai wadatar ba? Wani abokin aikina ya ce in je wani asibitin kawai in ce ba na sha. Ban yi na'am da shawarar ba tukuna, amma ina so in ji daga bakin masana.

Dakta Ummi, Jos

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya ƙara sauƙi, ya tsare gaba. Ni likitar haƙori ce, kuma ko da yake ban ga bakinka ba, da wurina ka zo, da abin da likitanka ya faɗa shi zan faɗa. Bari in yi maka bayanin dalili, domin mutum ya fi riƙe umarni idan ya san abin da ke ƙarƙashinsa.

Abin da ake sa wa a cikin ƙashi wata 'yar ƙusa ce mai murɗi, kamar notin da makanikai ke ɗaura wa injin motarka, wadda aka ƙera da ƙarfen titaniyom. A ranar da aka ɗaura ta, matsin ƙashi ne kaɗai ke riƙe da ita. Riƙo na gaskiya yana zuwa ne daga baya, lokacin da sabon ƙashi ya tsiro a hankali ya manne wa jikin ƙarfen har suka zama kamar abu ɗaya. Wani likita ɗan ƙasar Suwidin, Per-Ingvar Branemark, ya lura da wannan a 1952, da ya ga titaniyom ɗin da ya sa a ƙashin ƙafar zomo ya ƙi ciruwa, kuma a 1965 ya yi wa mutum na farko dashe da shi. Wannan mannewa tana ɗaukar kamar wata uku a muƙamuƙin ƙasa, a na sama kuwa wata huɗu zuwa shida, saboda ƙashin sama ya fi laushi. Sai ta kammala ne ake ɗora haƙorin da mutane za su gani.

To, duk abin da ƙashi yake bukata domin ya gina kansa a waɗannan watanni, jini ne ke kawo masa: iskar oksijin, abinci, da ƙwayoyin da ke yaƙar cuta. Taba kuwa ta wajen jinin take yin ɓarna. Nikotin, wani sinadari da ke cikin taba, yana tsuke ƙananan hanyoyin jini na dasashi da na ƙashi, sai jinin da ke isa wurin raunin ya ragu. Sannan akwai iskar kabon monoksaid a cikin hayaƙin, wadda take kama jajayen ƙwayoyin jini da ƙarfin da ya ninka na oksijin fiye da sau 200, saboda haka ɗan jinin da ya samu ya isa ma ba ya ɗauke da cikakken kayansa. Hayaƙin taba yana ɗauke da sinadarai fiye da 7,000, kuma a wannan aiki ba sai sun bi ta huhu ba kafin su yi illa, tunda raunin yana cikin baki, a kan hanyar da hayaƙin yake bi da zafinsa. Zuƙar kanta tana iya tayar da gudan jinin da ya daskare a kan raunin a kwanakin farko, alhali wannan gudan jini shi ne harsashin warkewa. Idan abubuwan nan suka haɗu, sai wata tsoka mai laushi irin ta tabo ta zagaye ƙusar a inda ya kamata ƙashi ya zagaye ta. Ƙusar da tsoka ta riƙe ba ta ɗaukar tauna. Za ta fara girgiɗi, kuma babu maganin da ke tsayar da ita, cire ta ake yi.

An auna wannan da alƙaluma. A 1993 wasu likitoci biyu, Bain da Moy, sun bi diddigin dashe 2,194 da aka yi wa mutum 540. A cikin waɗanda ba sa shan taba, dashen da ya lalace bai kai kashi 5 cikin 100 ba, a cikin masu sha kuwa ya haura kashi 11. Binciken da aka yi ta tattarawa bayan nan ya ci gaba da nuna cewa haɗarin mai shan taba ya kai ninki biyu na wanda ba ya sha. Abin da ya fi shafarka shi ne bambancin ya fi fitowa a muƙamuƙin sama, kuma naka haƙoran biyu a nan suke, a gaba, inda ƙashin ba shi da kauri sosai, inda kuma ko kaɗan dasashi ya janye kowa zai gani idan ka yi murmushi.

Game da ragewa, gaskiya ne cewa yawan sha yana ƙara yawan illa, kuma a lissafin likitocin dasashi mai shan kara 10 ko fiye a rana yana cikin rukunin da ciwon dasashi ya fi saurin ci. Amma kara uku ma suna tsuke hanyoyin jini sau uku a rana, suna kuma bi ta kan ɗinki sau uku. Ka ɗauki ragewa a matsayin matakin da za ka taka zuwa dainawa, kada ka tsaya a kanta. Mafi ƙarancin lokacin da aka saba bayarwa shi ne wanda Bain ɗin nan ya tsara a 1996: a daina mako ɗaya kafin aiki, a kuma yi mako takwas bayansa ba a sha ba. Ni a wurina na fi son mutum ya yi wata guda cur kafin a fara, domin in tabbata cewa ya iya. Jiki yana saurin amsawa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa cikin awa 12 da dainawa kabon monoksaid na jini yana komawa daidai, kuma tsakanin mako 2 zuwa 12 gudun jini yana inganta.

Shawarar abokin aikinka kuwa, don Allah kada ka bi ta. Likitan da ka ɓoye wa zai tsara aikinsa a kan bakin da ba naka ba, wataƙila ya ɗora haƙori da wuri ko ya tsawaita tazarar dubiya, kuma kai za ka ɗauki asarar. Ka kuma nemi a gwada maka suga kafin a fara, domin ciwon suga da ba a shawo kansa ba yana jinkirta warkewa, idan ya haɗu da taba kuma lamarin ya fi muni.

Alhaji na Bukuru

Malam Baban Hauwa, ni ne mutumin da ya bi irin shawarar da abokinka ya ba ka, saboda haka ka saurare ni da kyau. Shekara huɗu da suka wuce aka dasa mini turame biyu na sama a wani asibiti a Abuja. Da aka ba ni takarda in cike, wurin tambayar taba na rubuta cewa na daɗe da dainawa, alhali kwalin yana cikin aljihun motata a waje. Kunya ce ta sa, domin ɗana ne ya raka ni, kuma ban so ya ji adadin da nake sha ba.

An yi aikin lafiya, an ce kada in kurkure baki da ƙarfi, kada in sha abu mai zafi. Na daure kwana biyu. A rana ta uku, a hanyar dawowa Jos, muna tsayawa a Akwanga na zagaya bayan wani shago na sha kara ɗaya, ina gaya wa kaina cewa ta ɗaya gefen bakin nake zuƙa. Daga nan na koma yadda nake. Wurin bai taɓa yin ciwo mai tsanani ba, wannan ne ya ruɗe ni. Abin da na lura da shi kawai shi ne ɗinkin ya buɗe a gefe guda, bakina yana wani ɗanɗano kamar na tsatsa, kuma maiɗakina ta ce numfashina ya canza. Da na koma bayan wata huɗu a ɗora haƙoran, likitan yana taɓa ɗaya daga cikin ƙusoshin sai ta juya a hannunsa. Ko allurar kashe zafi mai yawa ba a bukata ba wajen fitar da ita.

Kuɗin farko sun tafi, ramin da ta bari kuma ya fi na da faɗi, domin ƙashin da ke kewaye da ita ya zaizaye. Sai da aka yi mini cikon ƙashi, na jira wasu watanni shida, na sake biya. A karo na biyu na faɗi gaskiya, na daina tabar wata biyu kafin aikin, kuma har yau ban koma ba. Wannan dashen yana nan daram, da shi nake cin kilishi. Likitan bai yi mini faɗa ba, amma ya ce da na gaya masa tun farko da ya jinkirta aikin. Kai da ka yi wata tara kana adashi, kuma ka dace da likitan da ya tsaya ya gaya maka gaskiya tun kafin ya karɓi kuɗinka, ina ganin ka riƙe shi.

Sadiq, ɗalibi a Naraguta

Ina neman afuwa, Dakta, amma akwai abin da ban gane ba. Kawuna yana shan sigari tun kafin a haife ni, kuma an dasa masa haƙori fiye da shekara takwas da suka wuce, har yanzu bai taɓa motsi ba. Idan kashi 11 ne ke lalacewa, ai kusan kashi 89 suna kamawa ke nan, to me ya sa za a hana mutum aiki gaba ɗaya? Tambaya ta biyu ta shafe ni ni kaina. Ban taɓa shan sigari ba, amma nakan sha shisha tare da abokai a ƙarshen mako, kuma akwai turmina da aka cire wanda nake so a dasa bayan na kammala karatu. Tunda hayaƙin yana bi ta cikin ruwa, ina ce ba ɗaya suke da sigari ba?

Dakta Ummi, Jos

Tambayarka tana kan hanya, Sadiq, kuma lissafinka daidai ne: mafi yawan dashen masu shan taba yana kamawa. Shi ya sa akwai likitocin da suke yin aikin ga mai shan taba bayan sun bayyana masa haɗarin ya amince. Sai dai ka duba lamarin Baban Hauwa: haƙora biyu ne, a sama, a gaba, ga shekara 20 na shan fiye da kara 10 a rana, ga kuɗin da ba zai iya sake tarawa cikin sauƙi ba. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana ƙara nauyi a kan ɗan'uwansa. Kuma taba ita ce abu guda a cikinsu da yake hannun majiyyaci, tunda ba shi da iko a kan laushin ƙashinsa ko wurin da haƙorin ya fita.

Game da kawunka, Allah ya ƙara masa lafiya, amma ka roƙe shi ya je a ɗauki hoton wurin. Dashe yana lalacewa ne ta hanya biyu. Ta farko ita ce wadda Alhaji ya ba da labari, wato ƙin kamawa tun a watannin farko. Ta biyu tana zuwa bayan shekaru: datti da ƙwayoyin cuta suna taruwa a wuyan ƙusar, dasashi ya kumbura, ƙashi ya riƙa zaizayewa kaɗan-kaɗan daga sama zuwa ƙasa. Masu shan taba sun fi saurin rasa ƙashi ta wannan hanya. Abin da ya fi ba ni tsoro a nan shi ne ciwon yana ɓuya. Alamar farko ta ciwon dasashi ita ce jini lokacin goge baki, amma tunda nikotin ya tsuke hanyoyin jini, dasashin mai shan taba ba ya saurin zubar da jini ko da ciwon ya yi nisa. Ƙusar kuma ba ta da jijiya irin ta haƙorin asali da za ta yi zogi ta faɗakar da mutum. Tana iya rasa rabin ƙashin da ke riƙe da ita tana nan ba ta motsi, sai ranar da mugunya ta fara fita. Saboda haka rashin motsi bai isa shaidar lafiya ba, hoto da awon dasashi ne ke nunawa.

Shisha kuwa taba ce, an dai haɗa ta da zaƙi da ƙamshin 'ya'yan itace. Ruwan yana sanyaya hayaƙin ne kawai, ba ya tace nikotin da sauran gubar yadda matasa suke zato, sanyin ma shi ke sa a zuƙa da zurfi a kuma daɗe ana yi. Zama ɗaya na awa guda yana shigar da hayaƙi mai yawan da ya ninka na karan sigari sau da dama, ga gawayin da ake ɗorawa a kai yana ƙara nasa kabon monoksaid. Idan lokacin dashenka ya zo, ka faɗa wa likita kana shan ta, kuma ka bar ta kamar yadda mai sigari zai bar tasa. Haka nan garin taba da wasu dattawa ke cusawa a leɓe ko su shaƙa, da sigarin lantarki, duk suna kai nikotin cikin jini, na leɓen ma yana zaune ne kai tsaye a kan dasashi.

Hajiya Maman Khalifa, Rikkos

Ni ba ma'aikaciyar lafiya ba ce, amma maigidana ya bar sigari bayan shekara 25 yana sha, kuma ni na zauna da shi a lokacin, don haka ina so in ce wani abu a kan yadda ake dainawa, tunda shi ne wuyar aikin. Da azumin Ramadan ya fara. Ya ce tunda yana iya wuni tun daga asuba har faɗuwar rana bai sha ba, to abin da ya rage masa shi ne daren. Makon farko ya yi fama da ciwon kai da saurin fushi da rashin barci, har sai da na ja yara gefe na ce su yi hakuri da shi. Daga mako na uku abin ya fara lafawa.

Abin da na lura da shi shi ne sha'awar tana da lokutanta da wurarenta. Tasa takan taso ne bayan cin abinci da kuma wurin mai shayi da dare. Sai ya daina zama a teburin mai shayi na wata biyu, nake dafa masa a gida da citta da kanumfari, kuma kullum akwai aswaki a aljihunsa, da zarar ta motsa sai ya sa a baki. Kai ma, Malam, ka ce asuba a tasha ce lokacinka, to tun yanzu ka shirya abin da hannunka da bakinka za su yi a wannan lokacin, ka kuma gaya wa abokan aikinka kada wanda ya miƙo maka. Akwai cingam da filasta na nikotin a manyan kantunan magani, ka tambayi likitanka ko za su dace da kai da kuma lokacin da ya kamata ka ajiye su kafin aikin. Ka sanar da maman Hauwa ma, domin ita za ta fi kowa ɗaukar zafin makon farko, kuma gara ta san dalili.

Baban Hauwa, Unguwar Rogo, Jos

Na gode ƙwarai, Dakta, Alhaji, Hajiya, da kai Sadiq da ka yi tambayar da ni ma take raina. Allah ya saka da alheri. Jiya na koma wurin likitan na ba shi hakuri a kan zaton da na yi masa. An gwada mini suga, an ce lafiya lau. Ya ce dasashina na ƙasa yana da ciwo a wurare biyu, abin da ban sani ba tunda bai taɓa yin jini ba, kuma ya wanke mini haƙoran gaba ɗaya, ya ce sai wannan ya warke kafin a yi maganar dashe. Mun yi da shi cewa zan koma bayan mako shida, idan na cika alkawari a sa ranar aiki. Yau kwanana huɗu ban sha ba. Na fara azumin Litinin da Alhamis, kuma na roƙi yaron motata ya riƙa karɓar kuɗin fasinja da asuba ni kuma in zauna a masallacin tasha har mota ta cika. Barci ne dai har yanzu ba na samu sosai, ga hanyar Bauchi tana son ido. Dakta, shin rashin barcin nan yakan kai mako nawa, kuma ya kamata in ajiye tuƙi na 'yan kwanaki har ya wuce?